Cinikin Tsohuwar Bindiga a Ƙasar Ɗambatta

Ranar Lahadi kasuwar Ɗambatta ke ci. Tun da hantsi titin da ya taso daga Kano ya nufi Kazaure da Daura yake cushewa da motocin dabbobi da amalanke da babura, mutanen Makoɗa da Kunci da Minjibir kowa da abin da ya kawo. Kara na can tana ta ƙura, 'yan hatsi sun jera buhunan gero da dawa da wake, maƙera sun baza fartanya da lauje da magirbi da gatari a kan buhu. Duk abin da manomi ke nema zai gan shi a shimfiɗe, ya ɗaga, ya juya, ya taya. Abu ɗaya ne ake cinikinsa ba tare da an shimfiɗa shi ba, wato tsohuwar bindiga.

Ba ta da rumfa, ba ta da layi. Mai son sayarwa yakan tsuguna gefen maƙerin da ya sani, su gaisa, ya tambayi kuɗin ruwan garma, sai can cikin hira ya ce, "Baba, wannan ƙarfen nawa na gida, idan an samu mai so." Maƙeri ba zai ɗaga kai ba. Zai ce Allah ya kawo rabo, ya ci gaba da abin da yake yi. Bayan mako biyu ko uku wani zai zo da irin wannan hira ta ɓangaren saye, sannan a sa rana. A kasuwa ake ɗaura magana, amma a ƙauye ake kwance ta, a maƙera, inda akwai zugazugi da uwar maƙera da idon wanda ya san ƙarfe.

Baƙo zai yi mamakin me ake yi da bindiga a nan. Wannan ƙasa ce da gona ke manne da gona tun daga bakin ganuwar Kano har iyakar Jigawa. Masanin nan Michael Mortimore ya yi nazarinta a shekarun 1960, ya nuna kusan kowane taƙi ana noma shi kowace shekara, da takin gida da jakai ke kaiwa. Itatuwan da suka rage, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, duk suna da masu su. Babu dajin da barewa za ta ɓuya. Abin da maharbi ke samu bai wuce zomo da kurege da gafiya da fakara ba, sai kurciya da hasbiya idan an yi girbi. Shi ya sa mafarautan gaske idan rani ya yi suke haɗa ayari su nausa kudu, wasu har kurmi, su yi watanni.

To amma bindiga a arewacin Kano ba don nama kaɗai ake riƙe ta ba. Mai noman rani a bakin madatsar Tomas ko Watari yana son ƙararta don ya tarwatsa jan-baki daga shinkafa. 'Yan sintirin ƙauye suna son ɓarawon shanu ya san garin ba a kwance yake ba, musamman garuruwan da ke kusa da iyakar Katsina. Sannan ga 'yan bindigar hakimi, waɗanda ba su ɗura komai sai albarushi, aikinsu su tashi gari da ƙara da hayaƙi ranar hawan Salla ko naɗin sarauta. Kowanne da abin da yake dubawa, kuma kuɗin da zai iya bayarwa ya danganta da hakan. Ɗan bindigar fada zai ƙara kuɗi a kan mai faɗin baki da amo, ko da ba ta iya samun tukunya daga taku ashirin. Maharbi kuwa siririya doguwa yake nema, mai tara harsashi wuri ɗaya.

Sana'ar tana da tsohon tushe. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi ta ƙasar Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne ya fara ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaronsa. Irin waɗannan bindigogi na ɗuri ta baki daga bakin teku suke hawowa, daga hannun fataken Turai, da yawansu ƙirar Birmingham ta Ingila. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ya sa ana zuba igwa a Zinder, kuma rundunar Damagaram ta zamanin Ahmadu Kuren Daga ta ratso wannan ƙasa har Gezawa lokacin Sarkin Kano Alu Mai Sango. Kakannin mutanen da ke cin kasuwar Ɗambatta yau sun ji ƙarar waɗancan bindigogi a gonakinsu. Bayan 1903 yaƙi ya ƙare, bindiga ta koma hannun maharba da fada, gyaranta da kwaikwayonta suka zauna a hannun maƙera.

Wadda aka fi kawowa ita ce ta gargajiya, wadda wasu ke ce wa bindigar toka, wasu adaka, wasu harba-ka-ruga. Idan aka miƙa wa maƙeri, abu na farko da yake yi shi ne ya juya bakinta sama, ya zura sandar ɗuri ya ji inda ta tsaya. Ba ya karɓar rantsuwar mai ita cewa babu komai a ciki. An sha ganin wadda aka ɗura tun bara aka rataye aka manta, kuma albarushi ba ya mantuwa. Sai ya tabbata wayam take sannan ya kwance ta, ya raba bututun da icen.

A kan bututun nan ne rabin ciniki yake. Yakan goge shi da tsumma mai ɗan man gyaɗa, ya bi shi da yatsa daga baki har gindi, a hankali, idonsa a rufe wani lokaci, yana neman kumburi. Inda ƙarfe ya taɓa kumbura, nan zai fashe wata rana. Sai ya rataye shi da zare ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe. Lafiyayye yakan yi amo mai tsawo, mai tsaga ko mai tsohuwar walda sai ya yi "ƙwas" ya yi shiru. Daga nan ya duba gindin, inda aka toshe, domin nan ne wuta ke tashi kuma nan ne yake daidai fuskar mai harbi. Tsatsar waje ba ta dame shi ba, ana kankare ta. Ta ciki ce mugunya, wadda gishirin albarushi ke haifarwa idan mai bindiga malalaci ne ba ya wanke ta da ruwan zafi bayan harbi. Za ka ga bindiga tana sheƙi, an naɗe ta da jar fata, an jera mata wuri da madubi, amma cikinta ya rube. Yawanci ma idan ado ya yi yawa a daidai wuri ɗaya, maƙeri can yake fara kwancewa.

Yakan tambayi asalin ƙarfen. Wanda aka yi da sandar sitiyarin tsohuwar mota yana da daraja, don ƙarfe ne mai kauri marar ɗinki. Wanda aka yi da bututun famfo kuwa, maƙerin kirki ba ya sa bakinsa a cinikinsa ko nawa za a ba shi, saboda yana da ɗinki a tsawonsa, kuma yatsun mutane da yawa sun tafi ta wannan ɗinki. A ganina wannan ƙin da maƙeri ke yi shi ne mafi amfanin abin da ke cikin sana'ar gaba ɗaya.

Sauran dubawa ba ta ɗaukar lokaci. A ja kunama a ji ko tana kamawa da ƙarfi, kada ta zama mai saki da kanta idan an bugi gindi a ƙasa. A duba icen ko gara ta shiga, ko ya tsage a wuya. Ice ana sake shi, kunama ana gyara ta, duk wannan ragin kuɗi ne kawai. Layun da ke jiki kuma ba sa cikin ciniki, mai su yakan kwance abinsa.

Jefi-jefi akan kawo ta Bature, mai cin harsashin kwanso, baki ɗaya ko baki biyu. Yawancinsu ƙirar Rasha ce mai suna Baikal, sai tsofaffin na Ingila da wani tsohon ma'aikacin En'e ko ɗan kasuwa ya bari a gado. A can Ingila irin waɗannan da su ake wasan harbin faifan yumɓu, inda na'ura ke cilla ɗan faifai sama maharbi ya tarwatsa shi, kuma tsohuwar bindiga ta gidan Purdey ko Holland & Holland tana iya fin sabuwar mota tsada. Mai saye a can yana da abin dogaro. Tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a Birmingham, inda ake harba kowace da ɗuri mai nauyi fiye da ƙa'ida, idan ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe, kuma laifi ne a sayar da wadda ba ta da shi. Maƙerinmu ba ya karanta waɗannan hatimai, amma ya san inda ake duba ta. Yakan karya ta, ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken rana ko akwai ramuka. Ya mayar ya rufe, ya riƙe gindi ya girgiza, idan ta yi kwaram-kwaram a mahaɗa to ta tsufa da aiki. Sannan ya nemi lambarta. Idan ya ga an goge lamba da magagari, sai ya naɗe ta a tsummanta ya miƙa wa mai ita, ya ce shi fartanya yake ƙerawa. Wannan ba ta ciniki ba ce, ta ofishin 'yan sanda ce.

Ta gida ba ta da hatimi, sunan wanda ya ƙera ta shi ne hatiminta. Maƙeri yana gane hannun ɗan'uwansa kamar yadda malami ke gane rubutun almajirinsa a allo, ya ce wannan aikin gidan wane ne na gari kaza, mahaifinsa ma haka yake lanƙwasa kunama. Idan gidan sananne ne kuɗi ya tashi. Idan kuwa babu wanda ya san inda ta fito, sai an gwada: a fita bayan gari, a ɗaure ta a jikin itace, a ja kunama da dogon zare daga nesa. Mai sayarwa ne ke sayen albarushin gwaji. Wanda ya ƙi a gwada tasa ya riga ya faɗi abin da ke cikinta.

Sai maganar takarda, wadda a da ba a cika yi ba, yanzu kuwa ta zama ta farko a bakin mai hankali. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, irin na harsashin kwanso, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da na ɗuri ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini. Lasisi sunan mutum yake ɗauke da shi, ba ya bin bindiga zuwa hannun wanda ya saya, kuma ƙira da gyara su ma doka ta ce sai da izini. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, abin da ya sa ta Bature ta zama kaya mai wuyar sayarwa ta halal. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne 'yan Kano da ke dawowa gida yin Salla, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Tun daga nan maharbi ba ya wasa da katin ƙungiyarsa da shaidar Sarkin Baka. Ni dai ina ganin tura wannan ciniki cikin duhu ba ya rage bindiga ko ɗaya, mai bututun famfo kawai yake ba wa kasuwa. Da za a yi wa maƙeran da aka sani rajista ta hannun dagatai da hakimai, a buga wa kowace lamba, a rubuta duk sauyin hannu, da hukuma ta san abin da ke cikin ƙauyukanta, manomi kuma ya tsira da yatsunsa.

Idan an gama dubawa sai a zauna a tabarma. Mai saye yakan fara da kushe.

"Baba, ka ga icen nan fa ya sha jiki, sai na sake shi."

"Ice ka zo saye ko ƙarfe, yaro? Taya."

Ya taya. Mai ita ya ce, "Albarka." Ya ƙara kaɗan, a sake cewa albarka. Maƙeri ne ke shiga tsakani, ya ce wa wannan, "Malam, dubi Allah ka rage, kunamar nan sai na taɓa ta," ya juya ya ce wa wancan, "Kai kuma cika, ba za ka samu irin bututun nan a ƙasar nan ba." Idan mai ita ya ce ya sallama, sai a kira shaidu biyu, galibi da wani daga cikin maharban gari, a ƙirga kuɗi a gabansu, a cire la'adar maƙeri. Ta gado ita ce mai wuyar sallamawa. Sau da yawa ciniki ya faɗa, sai wani ƙanen uba ya aiko cewa ba a sayar da bindigar gidansu, a mayar da kuɗi.

Farashi yana bin shekara. Yana hawa bayan girbi, lokacin da aljihu ke da nauyi kuma ayarin farauta ke shiri, ya sake hawa gab da Salla idan 'yan bindigar hakimai suna neman cike gurbi. Yana faɗuwa da saukar ruwan farko, sa'ad da mai gona ke neman kuɗin takin zamani da na 'yan ƙwadago, ya rasa abin ɗagawa sai akuya ko abin da ke rataye a bango. A wannan lokaci masu ɗan jari suke saye, su ba maƙeri ya wanke ya shafe da mai ya sake ice, su ajiye sai kaka.