Ko Kun Sani? Noti Huɗu Ko Biyar a Ƙafar Golf

Yawancin motocin Golf 3 da ke jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Kano, Kabo da Gwarzo, noti huɗu ne ke riƙe da kowace ƙafarsu, a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Samfurin VR6 kuwa biyar gare shi, da birki mafi girma. Mai son mayar da tasa biyar, sauya wili kaɗai ba ya wadatarwa: sai an sauya mazaunin wilin, da faifan birki, da abin da ke matse faifan. Irin waɗannan kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ake nemansu. Huda sababbin ramuka a tsohon ƙarfe kuwa ganganci ne da rayukan mutane, balle da lodin ranar kasuwa.