Itace, Murhu da Zamiya: Yadda Ake Rayuwa a Tsaunukan Norway Lokacin Hunturu

Babu titin mota da ke kaiwa ƙauyen Finse na ƙasar Norway. Jirgin ƙasa da ke zirga-zirga tsakanin Oslo da Bergen shi ne ke ajiye mutane a tasharsa, wadda ke kan tudu mai tsayin mita 1,222 daga doron teku, kuma babu tashar da ta fi ta tsayi a faɗin ƙasar. Idan hunturu ya kankama, yawancin masu sauka a nan goye suke da jakunkuna, riƙe da dogayen alluna biyu da sanduna biyu. Da zarar jirgi ya wuce sai su ɗaura allunan a ƙafa, su nausa cikin farin fili da ba gida ba bishiya. Abin da ke jiran da yawansu bayan tafiyar yini guda shi ne wani ɗakin katako marar lantarki, da murhun ƙarfe, da tarin busasshen itace a gefensa.

Wannan salon rayuwa ba na 'yan tsiraru ba ne. Norway na da mutane kimanin miliyan biyar da rabi, amma tana da gidajen hutu na katako sama da 400,000, da yawansu a kan tsaunuka. Tsaunukan nasu ba su da wani tsayi na a-zo-a-gani: mafi tsayinsu, Galdhøpiggen, mita 2,469 ne, wato bai ɗara dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba da fiye da mita 50 ba. Abin da ya bambanta su shi ne kusancinsu da ƙarshen arewacin duniya. A garin Røros da ke kan tudu an taɓa auna sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifili a shekarar 1914. A birnin Tromsø kuwa, rana ba ta leƙowa ko kaɗan tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu.

Zamiya kafin ta zama wasa

Mai kallon gasar zamiya a talabijin zai ɗauka abin nishaɗi ne kawai. Asalinsa larura ce. Dusar ƙanƙara da ta taru ba ta ɗaukar nauyin mutum. Wanda ya taka ta da takalmi zai nutse har gwiwa, wani lokaci har ƙugu, kuma kafin ya ci kilomita ɗaya ya galabaita. Dogon allo yana rarraba nauyin jiki a kan wuri mai faɗi, sai mutum ya sulale a sama maimakon ya nutse. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran allon da ita ta samo asali ne daga tsohon harshen mutanen yankin, inda take nufin faskararren itace. Ashe tun fil'azal abin tafiyar da abin hura wutar sunansu ɗaya.

Tarihin ƙasar cike yake da labarin wannan tafiya. A shekarar 1206, lokacin yaƙin basasa, wasu mayaƙa biyu suka tsallaka tsaunuka a kan alluna ɗauke da jaririn sarki, Haakon Haakonsson, domin kuɓutar da shi daga abokan gaba. Yaron ya girma ya hau gadon sarauta. Tun 1932 ake gudanar da tseren tunawa da wannan tafiya, wanda a yau ke da tsawon kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, kuma dole kowane ɗan tsere ya goya jaka mai nauyin aƙalla kilo uku da rabi a madadin jaririn. A 1888 kuma Fridtjof Nansen ya jagoranci tawagar da ta fara ratsa tsibirin Greenland a kan alluna.

Zamiyar dokar daji ta sha bamban da ta wuraren shaƙatawa. A can akwai kujerun da waya ke ja zuwa saman dutse, da injinan da ke daddale hanya, da ma'aikatan ceto. A nan babu ko ɗaya. Ƙafar mutum ce za ta kai shi sama. Shi ya sa ake ɗaure takalmi da allo ta wajen yatsu kawai, a bar diddige yana ɗagawa kamar yadda yake yi a tafiyar yau da kullum. Domin hawan tudu, ana manna wani dogon ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin allon. Gashin ya kwanta ne ta fuska ɗaya, saboda haka allon na sulalewa gaba amma ya ƙi komawa baya. A da da fatar wata dabbar teku ake yin sa, yanzu kuwa da gashin akuyar Angora ko zaren roba. In an kai ƙololuwa sai a ɓare shi, a naɗe, a gangaro.

Ɗakunan da mabuɗi ɗaya ke buɗewa

Dokar ƙasar ta 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa dajin da ba a nomawa, ko da mallakar wani ne. Amma 'yanci ba ya maganin sanyi. Abin da ya sa doguwar tafiya ta yiwu shi ne jerin masaukai na Ƙungiyar Matafiya ta Norway, wadda aka fi sani da DNT, da aka kafa a 1868. Tana kula da masaukai fiye da 500, an jera da yawansu ta yadda tsakanin ɗaya da na gaba tafiyar yini ce. Wasu na da ma'aikata da ke dafa abinci. Wasu kuwa babu kowa a ciki sai gadaje, da barguna, da itace, wani lokaci da ɗakin ajiyar abincin gwangwani. Mabuɗi iri ɗaya ne ke buɗe waɗanda ake kullewa, kuma kowane ɗan ƙungiya na iya karɓarsa. Matafiyi ne da kansa zai rubuta abin da ya ci da kwanakin da ya yi, ya biya, ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Abin mamaki shi ne tsarin ya daɗe yana tafiya a kan amana kawai.

Wanda ya iso irin wannan ɗaki da magariba zai tarar da sanyin cikinsa daidai da na waje. Aikinsa na farko hura wuta, tun kafin ya cire rigar sanyi. Na biyu ɗebo dusar ƙanƙara a tukunya ya ɗora, domin rafuka sun daskare, kuma cikakkiyar tukunyar dusa idan ta narke ruwan da za ta bayar ɗan kaɗan ne. Sai an yi sa'o'i kafin bangon katakon ya ɗauki ɗumi. A saman murhun ake rataye safa da rigunan da gumi ya jiƙa, domin jiƙaƙƙen tufafi a irin wannan yanayi yana zuƙe zafin jiki da sauri. Da yawan masaukan suna sama da iyakar da bishiya ke tsirowa, don haka kowane guntun itace da ke wurin an kawo shi ne da babur ɗin ƙanƙara ko jirgi mai saukar ungulu.

Ilimin itace

Kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkin Norway daga ƙarfin ruwa yake fitowa, kuma da shi yawancin gidaje ke ɗumama ɗakuna. Duk da haka murhun itace bai bar gidajensu ba. Guguwa na iya katse waya a kwarin da ke nesa da gari, kuma gidan da ba shi da wata hanyar ɗumi zai yi sanyin da bututun ruwa zai daskare ya fashe. Hukumar kare fararen hula ta ƙasar, wadda a 2024 ta shawarci kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi mako guda ba tare da agaji ba, ta sanya hanyar ɗumi da ba ta dogara da lantarki ba cikin abubuwan da za a tanada. Da farashin lantarki ya yi tashin gwauron zabi a 2022, sai mutane suka yi rububin itace har ya yi tsada.

Itacen da aka fi so shi ne na wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira bjørk, saboda yana ci a natse ba ya tartsatsi, ɓawonsa kuma na kama wuta nan take. Amma sirrin ba a irin bishiyar yake ba, a bushewa yake. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan aka jefa shi a wuta, babban kaso na zafin zai tafi wajen ƙafar da ruwan, wutar ta yi sanyi, hayaƙi ya turnuƙe. Ƙa'idar ita ce kada ruwan da ke cikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100. Don haka ake sare bishiya a ƙarshen hunturu, a yanka, a faskare, a jera a inda iska ke ratsawa, a rufe sama kawai a bar gefe a buɗe, ya sha iskar bazara har kaka. Wanda ya yi jinkiri ya faskare a watan Agusta, hayaƙi zai sha a Janairu.

Yadda suka ɗauki lamarin ya wuce batun makamashi. Littafin da marubuci Lars Mytting ya fitar a 2011 kan sara da jera da shanya itace ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a ƙasar. A watan Fabrairun 2013 gidan talabijin na ƙasa, NRK, ya gabatar da shirin sa'o'i 12 a kan itace, takwas daga ciki ba abin da ake nunawa sai wuta na ci a murhu. Masu kallo suka riƙa aiko da saƙonnin ƙorafi, wasu na cewa a jera itace ɓawo na kallon sama, wasu na cewa ƙasa. Har yau ba a raba wannan gardama ba.

Shi kansa murhun akwati ne na zubin ƙarfe mai ƙofa, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta rufi. Kamfanin Jøtul, wanda aka kafa a 1853, na cikin tsofaffin masu ƙera shi. Tun 1998 doka ta wajabta cewa duk sabon murhun da za a girka ya kasance mai tsabtataccen ƙonawa. Irin wannan murhu yana shigar da iska mai zafi karo na biyu a saman harshen wuta, ta ƙone iskar gas ɗin da ke fita daga itacen, wadda a tsohon murhu take tserewa a matsayin hayaƙi. Sakamakon shi ne ƙarin ɗumi daga itace kaɗan. An kuma sauya yadda ake hura wutar: manyan faskare a ƙasa, ƙirare a sama, a kunna daga sama ta ci zuwa ƙasa, domin hayaƙin da ke tasowa ya ratsa ta cikin harshen wuta.

Ba a rasa illa. Ƙona itace shi ne babban tushen ƙananan ƙwayoyin hayaƙi masu shiga huhu a Norway, musamman daga tsofaffin murahu, kuma a ranakun sanyi marasa iska hayaƙin kan kwanta a kan garuruwan da ke cikin kwari. Wanda ya toshe hanyar iska don wuta ta kai safiya yana tara kunkunniya mai danƙo a cikin bututu, wadda kan kama da wuta ta cinye gida; saboda haka ƙananan hukumomi ke da ma'aikatan da ke zagayawa suna dubawa da share bututun hayaƙi. Mafi muni ita ce gubar nan marar launi marar wari da ke fita idan wuta ba ta samun isasshiyar iska. Ita ce dai ke hallaka masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a arewacin Najeriya.

Haɗarin da ke kan gangare

Abin da masu zamiyar daji suka fi tsoro shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Dusar ba dunƙule ɗaya ba ce. Hawa-hawa take taruwa, kowane zubi da irin ƙarfinsa. Idan wani ɓangare mai tauri, wanda iska ta daddale, ya zauna a kan wani mai rauni, nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya na ƙasan. Sai faifan dusa mai faɗin fili guda ya ɓalle ya gangaro da gudun mota. Hakan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 ko fiye, kuma a mafi yawan lokuta wanda abin ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. A ranar 5 ga Maris, 1986, sojoji 16 suka mutu a Vassdalen lokacin atisaye. A ranar 2 ga Janairu, 2019, masu zamiya huɗu daga Sweden da Finland suka rasa rayukansu a kwarin Tamokdalen da ke arewa.

Binciken da aka yi a tsaunukan Alps ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko suna rayuwa, amma bayan kimanin minti 35 adadin kan faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda shaƙewa. Ma'anar wannan ita ce jirgin ceto ba zai iso a kan lokaci ba. Abokan tafiya ne za su yi tonon. Shi ya sa kowa ke ɗaure da wata 'yar na'ura mai aika sigina a jikinsa, da sanda mai haɗe-haɗe ta laluben wanda aka binne, da shebur. Tun Janairun 2013 hukumar albarkatun ruwa da makamashi ta ƙasar ke wallafa hasashen haɗarin a shafin Varsom, bisa ma'auni daga ɗaya zuwa biyar. Yawancin mace-macen ba a mataki na biyar suke faruwa ba, lokacin da kowa ke zaune a gida, sai a mataki na biyu da na uku, lokacin da dutse ke kama da mai lafiya.

A shimfiɗaɗɗen tudu irin Hardangervidda, wanda Finse ke bakinsa, matsalar iska ce. Idan ta taso da dusa, sama da ƙasa kan zama fari ɗaya, mutum ya kasa bambance gangare da hawa. Roald Amundsen, wanda daga baya ya riga kowa isa ƙarshen kudancin duniya a 1911, ya kusa rasa ransa a wannan tudu a 1896 tare da ɗan'uwansa. A hutun Ista na 1967 mummunan yanayi ya hallaka fiye da mutum 15 a tsaunukan ƙasar, abin da ya sa DNT da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka ƙaddamar da gangamin koyar da ƙa'idojin shiga tsauni, waɗanda aka sabunta a 2016. Daga cikinsu akwai sanar da wani inda aka nufa, da riƙe taswira da kamfas, da juyawa da wuri ba tare da jin kunya ba, da tanadin ƙarfi don neman mafaka, ko da ta haƙa rami ne a cikin dusar.

Kafin hutun Ista na kowace shekara, ana kafa rassan bishiya a jere cikin dusar a kan manyan hanyoyi tsakanin masaukai, domin matafiyi ya riƙa bi daga reshe zuwa reshe idan gari ya rufe. Masaukan kuma na da tasu al'adar: mai barin ɗaki da safe zai share, ya tabbatar wuta ta mutu, ya shigo da itace daga rumbu, ya faskara ƙirare ya ajiye kusa da murhu tare da ashana, domin mai zuwa bayansa na iya isowa cikin dare da yatsun da ba za su iya riƙe gatari ba.