Shanyewar Ɓarin Jiki: Tawakkali Ba Ya Hana Gaggawa

A wannan mako muna so mu ja hankalin 'yan'uwa game da cutar da take kayar da magidanci yana tsakiyar ciniki a rumfarsa, ko yana zaune a ofis, watau shanyewar ɓarin jiki, wadda Larabawa suke kira falij. Dalilin kawo ta wannan fili shi ne, da yawa daga cikinmu in ta faɗo sai mu ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, a kwantar da shi a zaure ana ta hayaƙi da rubutu har gari ya waye.

Cutar nan ba baƙuwa ba ce ga magabata. Ta sami Abanu ɗan Sayyidina Usmanu, babban Tabi'i wanda ya yi gwamnan Madina a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan. Ibn Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, ya sa ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a littafinsa na likitanci.

Abin da yake faruwa shi ne jini ya kasa kaiwa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Galibi gudan jini ne yake toshe jijiya, wani lokaci kuma jijiyar ce take fashewa. Masana sun ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 2 ne suke mutuwa a kowane minti, wanda ya mutu kuwa ba ya dawowa.

To, ga alamu 3 da kowa zai iya gwadawa. A ce wa mutum ya yi murmushi, a duba ko baki ya karkace gefe guda. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu, a ga ko ɗaya yana faɗuwa. A ce ya karanta gajeriyar surar da ya saba, a ji ko harshe ya sarƙe. Haka kuma ɗaukewar gani farat ɗaya, ko jiri da tangaɗi, ko ciwon kai mai tsananin da bai taɓa ji ba. Ko ɗaya aka gani, ta isa.

Sai a dubi agogo a riƙe lokacin, a sa shi a mota nan take zuwa babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, domin allurar da take narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma sai hoto ya nuna ba fashewa ba ce. Kada a ba shi abinci ko ruwa, ko da na rubutu ne, don maƙogwaronsa yana iya kasa haɗiya ruwan ya wuce huhu. Kada kuma a ba shi asfirin, don in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. In ya suma a kwantar da shi a gefensa. Ko alamun sun gushe bayan 'yan mintoci, a tafi, gargaɗi ne cewa babbar tana iya biyowa.

Wani zai ce ai waraka ta Allah ce. Haka ne, amma Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa babu cutar da Allah Ya saukar face da maganinta, Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da Manzon Allah (S.A.W.) ya umarta ya ɗaure raƙumarsa sa'an nan ya yi tawakkali. Addu'a da tofi ba a hana su ba, sai dai a yi su a cikin mota ana tafiya.

Daga ƙarshe, babban mai jawo cutar nan shi ne hawan jini, wanda yakan daɗe a jiki ba a sani ba, sai ciwon sukari da shan taba da yawan gishiri. Alhaji ya riƙa zuwa awon jini kamar yadda yake duba littafin bashi. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, ko don azumi ya kama, sai ya nemi likita ya daidaita masa lokacin sha. Jiki amana ne, za a kuwa tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya, amin.