Injiniyan da Ke da Kaso a Kamfanin da Yake Yi wa Aiki

A garin Pullman na jihar Washington ta Amurka akwai kamfanin Schweitzer Engineering Laboratories, wanda Edmund Schweitzer ya kafa a 1982. Kamfanin ya yi suna ne da wata na'ura mai gadin layukan wutar lantarki: idan bishiya ta faɗo wa waya ko taransifoma ta samu matsala, na'urar ce ke ganowa ta katse wannan ɓangaren kafin ƙiftawar ido, don kada gobara ta tashi ko gari ya faɗa duhu. Tun 2009 kamfanin ya zama mallakar ma'aikatansa kacokan. Haka ma Burns & McDonnell na birnin Kansas, wanda ma'aikatansa suka saya daga kamfanin ƙarfe na Armco a 1986. Wannan tsarin mallaka yana ƙarƙashin dokar fanshon Amurka ta 1974: kamfani ne ke zuba hannun jari a asusun amana da sunan kowane ma'aikaci, galibi ba tare da an cire masa ko sisi daga albashi ba. Kason yana tabbata nasa bayan wasu shekaru, bayan ya yi ritaya ko ya bar aiki kuma a saye shi a biya shi kuɗinsa.

A ganina babu harkar da wannan tsari ya fi dacewa da ita kamar ta lantarki, saboda aikinta na dogon zango ne. Babbar taransifoma kan yi shekara 40 tana aiki, kuskuren da injiniya ya yi wajen saita na'urar kariya kuwa kan kwanta shiru na shekaru kafin ya fito, ranar da zai fito kuma ba mutum ɗaya zai shafa ba. A watan Agustan 2003 matsalar da ta faro a jihar Ohio ta bar kimanin mutum miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada. Kamfanin da 'yan kasuwar hannun jari ke neman riba daga gare shi duk wata uku yana fuskantar jarabar rage gwaje-gwaje. Injiniyan da fanshonsa ya dogara kan darajar kamfanin nan da shekara 20 ba ya cin ribar aikin ha'inci, ga shi kuma yakan daɗe a wurin har ya san tarihin kowane layi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi: albashin mutum da fanshonsa duk sun rataya a wuri ɗaya. Da kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe a 2001, dubban ma'aikata sun rasa aiki da ajiyar tsufansu a lokaci guda. Sai dai a can mafi yawan kamfanin na 'yan kasuwa ne, shugabanni suka ɓoye asara, ma'aikata kuma har da kuɗin albashinsu suka sayi hannun jarin. Sukar da ta fi gaskiya ita ce kaso ba mulki ba ne: mai kula da asusun amanar ne ke kaɗa mafi yawan ƙuri'u, injiniya yana nan da ogansa, ana iya sallamarsa, ana ma iya sayar da kamfanin, kamar yadda WSP na Kanada ya saye kamfanin POWER Engineers daga hannun ma'aikatansa a 2024.

Saboda haka matashin injiniyan da aka yi wa tayin irin wannan aiki, kafin ya sa hannu ya tambayi shekara nawa zai yi kasonsa ya tabbata, kuma ko akwai wani asusun fansho daban da ba ya rataye a kan kamfanin.