Kafin ka kai bindigarka wurin maƙeri

Tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara da Katsina da Sakkwato, magidanta da yawa suka waiwayi tsohuwar bindigar farautar da ke rataye a bayan ƙofa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara, zamanin Bello Matawalle, ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Daga nan masu ba da shawara suka yawaita a majalisa: wai doguwar bindiga ba ta juyuwa a cikin soro, gara a sa mata zarto a rage bakin, a datse gindin, ta ɓuya a ƙarƙashin riga. Sai dai mai ba da shawarar ba shi zai tsaya gaban alƙali ba.

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa makamai gida uku. Na yaƙi da ƙaramar bindiga ta aljihu, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karyawa a zura harsashi, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa, ta maharba, sha'aninta na wurin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wato ko gwamna bai da ikon ba ka lasisi da bakinsa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, lasisin na wannan bindigar ne yadda take. Dokar ta hana rage bakin bindigar farauta ya gaza inci 20, ta kuma hana riƙe wadda aka riga aka rage, ko da ba kai ka yanke ba, ko da gadonta ka yi. Gyara ma ba kowane maƙeri ne aka yarje wa ba, sai mai izini. Wanda aka kama da makamin da lasisi bai rufe ba kuma, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadar masa tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka.

Ba mu kaɗai ke da wannan tsanani ba. A Birtaniya iyakar inci 24 ce. Amurka, da ake ganin bindiga kamar gyaɗa a kasuwa, tun 1934 ta wajabta rajista ta musamman ga duk wadda bakinta bai kai inci 18 ba. A kan gajerun bindigogi biyu da wani mutum mai suna Randy Weaver ya sayar wa ɗan leƙen asirin hukuma aka fara shari'ar da ta kai ga zagaye gidansa a Ruby Ridge, jihar Idaho, a 1992. Ɗansa mai shekara 14 ya mutu, matarsa ta mutu, jami'in gwamnati ɗaya ya mutu. Dalilin hukumomi ɗaya ne a ko'ina: gajerar bindiga ta ɓoyo ce, ɓoyo kuwa aikin ɗan fashi ne.

To, me ma ake samu a yankan? A ganina, kaɗan ne ƙwarai. Masu cewa ƙwayoyin harsashi za su bazu su cika ɗaki sun yi kuskure, don a tazarar ɗaki kusan a dunƙule suke tafiya. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙara mai toshe kunne, da walƙiyar da ke kashe ido cikin duhu, da naushin da bindigar ke yi wa mai ita idan ta rasa nauyi. Wanda ya datse gindi ya jefar da abin da zai dafe a kafaɗa, saiti ya tafi ke nan. Kuma ƙwayar harsashi ba ta san zana ba, ba ta san ƙofar langa-langa ba. A gidajenmu, bayan wannan ƙofar yara ne kwance a kan tabarma.

Ko bindigarka na da cikakkiyar takarda, harbi wata shari'a ce daban. Kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da sharaɗin kada ya yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Ɓarawon da ya juya baya yana haura katanga, idan ka ɗirka masa, kotu za ta tambaye ka wane haɗari ya rage a lokacin. Idan aka ɗaga bindigar a gaban alƙali da sawun zarto a bakinta, lauyan gwamnati ya samu tuhuma ta biyu ba tare da ya nemi shaida ba.

Inuwar da ke motsi a tsakar gida ƙarfe biyun dare kuma, sau da yawa ɗanka ne da ya dawo daga kallon ƙwallo, ya tarar an sa sakata, ya hauro ta bayan ɗakin girki don kada ya tashe ka.