Kukan katako a Warra: wanne ne na hunturu, wanne ne na gargaɗi?

A hunturun bara na je hutu Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski da ke masarautar Yawuri, aka sauke ni a ɗakin bene na gidan yayana. Ɗakin a kan shago yake, kuma maimakon kankare, wanda ya fara ginin ya gitta manyan katakai a kan bango, ya jera allunan maɗaci bisansu. Daren farko barci bai samu ba. Duk wanda ya ɗaga ƙafa sai ɗakin ya amsa, har mahaifiyarmu da ke kwana a ɗakin da ke gefe ta ce tun shigowar sanyi ta san adadin fitar kowa da dare. Yayana kuwa ya riga ya yanke shawara: a ɓamɓare katakon, a zuba kankare, a manna tayil. Na roƙe shi ya ba ni mako guda.

Mai karatu zai yi mini uzuri in fara ta inda sana'ata ta fi ƙarfi. Bahaushe ba shi da kalma guda ta ƙasan ɗaki na katako. Abin da yake da shi daɓe ne, daga aikatau ɗin da ke nufin a buga ƙasa da madaɓi har ta kwanta ta yi sulɓi. Idan muka ce "daɓen katako", aron suna muka yi wa abin da ba a daɓewa. Itace a ginin Bahaushe sama yake zama, wato azarar giginya a rufin soro, ba a taka shi. Ko da aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga gungunan da garuruwan da tafkin ya ci, gidajen da aka gina musu na bulo ne da rufin asbestos. Saboda haka ilimin katakon da ke ɗaukar nauyin mutum bai zauna a hannun magina ba. A wannan yanki, yana bakin ruwa, wurin masu haɗa jirage. Haka kuma abin lura ne cewa sautin da katako ke yi ba "ƙara" kaɗai muke ce masa ba, "kuka" muke cewa, kamar yadda muke cewa kukan ƙofa ko kukan inji. Mai kuka kuwa tambayarsa ake me ya same shi.

Abin da ke samun katako shi ne, ko an sare shi shekara hamsin, bai daina shan danshi daga iska yana mayarwa ba. A watan Agusta iskar bakin tafki jiƙe take, katako ya sha ya kumbura. A Janairu da Fabrairu iskar hunturu ta tsotse shi ya tsuke. Tsukewar nan a faɗi take faruwa, a tsawo kusan babu. Allo mai faɗin santimita 15 yana iya raguwa da milimita biyu ko uku tsakanin damina da hunturu. A jera ashirin, an rasa santimita huɗu zuwa shida a faɗin ɗaki. Ƙusa kuwa ƙarfe ce, ba ta bin katakon a wannan kai-komo, don haka kowace shekara raminta yana ƙara buɗewa. Daga nan kukan ke fitowa: ko allo yana gugar ɗan'uwansa, ko yana hawa da sauka a jikin ƙusar da ta saki, ko kuma rata ta shiga tsakaninsa da katakon da ke ɗauke da shi.

Kafintan farko da aka kira ya zo da guduma da ƙusoshi 'yan inci uku cike da aljihu. Bai saurari komai ba, ya hau bugu, allo ɗaya ya tsage daga baki, muka sallame shi. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne: maɗacin da ya bushe ba farin katakon rufi ba ne, ba ya karɓar ƙusa sai an fara huda mata hanya.

Na biyun wani dattijo ne Basarke, wanda ya tsufa yana haɗa jiragen katako. Bai taho da komai ba sai gawayi. Ya shiga shagon ƙasa, ya ce, "Malam, hau ka yi ta tafiya a hankali, kada ka tsaya sai na ce." Ina takawa yana saurare, yana shafa gawayi a inda ya ga motsi. Wurare goma sha ɗaya ya samu a ɗakin da muke zaton duk ya lalace. Sannan ya hau sama ya ware su kashi-kashi.

Inda allo ke gugar allo, hodar jiki ya barbaɗa a tsagar, ya shimfiɗa tsumma ya tattaka har ta shige. Garin bakin fensir ma yana yi. Wannan magani ne na ɗan lokaci, ana sakewa idan sanyi ya dawo, amma kuɗinsa bai kai na katin waya ba. Ya hana a zuba man gyaɗa ko baƙin mai, domin mai yana kama ƙura, yana ɓata fuskar katako, kuma gam ba ya ƙara kama wurin da ya taɓa. Ruwa kuwa, wanda matan gidan suka saba yayyafawa don kukan ya lafa, yakan lafa ɗin na kwana guda, ya bar tsatsa a ƙusa.

Inda ƙusa ta saki, bai ƙara mata wata ba. Ya huda ɗan siririn rami kusa da ita, daidai kan katakon da ke ƙasa, ya ɗaura ƙusa mai murɗi, wadda kafintoci ke kira sukuru, ya nutsar da kanta, ya toshe da garin katako da gam. Sukuru yana jan allo ya riƙe, ba ya zamewa kamar ƙusa. Inda kuma aka sami rata, ya feƙe ɗan siririn itace, ya shafa masa gam, ya tura da hannu daga ƙasa. Na ce, "Baba, a ba ka guduma mana." Ya ce idan ya buga, zai ɗaga allon ne, kukan ya koma maƙwabcinsa. Haka ya hana yayana cike tsagogin da filler mai tauri, wato abin toshiyar da masu fenti ke sayarwa, ya kuma hana a toshe ratar da ke jikin bango. Wurin da katakon zai shiga ke nan idan damina ta zo. In an hana shi, sai ya tashi ya yi tozo.

Wuri na goma sha ɗaya shi ne ya sa nake wannan rubutu. Sautinsa ba siriri ba ne kamar sauran, wani nishi ne mai nauyi, kuma ƙafa tana jin ƙasa ta ɗan ba da kai. Dattijon ya ƙwanƙwasa kan katakon da ya shiga cikin bango, ya ji amon fanko, ya cusa tsinin sukudireba, ta shige kamar a rogo dafaffe. Gara ce ta hau ta cikin bango ta cinye cikinsa ta bar fata. Buhunan shinkafa na jibge a wannan kusurwa duk kaka. Da hoda muka zuba wa kowane wuri muka yi murnar shiru, da kanmu muka rufe bakin mai gargaɗi. An tokare wurin, aka canja katakon, aka yi wa bangon maganin gara.

Da muna shan shayi ya ce a jirgi ma haka ne, akwai kukan da matuƙi ke barci a kansa, akwai wanda in ya ji sai ya nemi gaɓa. Babu wanda ya amsa masa, domin babu ɗan Warra da ya manta 26 ga Mayu, 2021, ranar da wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage a kogin, aka ceto kimanin 20 kawai. Rahotannin lokacin sun ce jirgin tsoho ne, an kuma yi masa lodi fiye da ƙima. Ni dai ban yarda katako yana rabuwa biyu ba tare da ya daɗe yana magana ba.

Akwai kuma hujjar aljihu da na kafa wa yayana. Allunan da yake shirin mayarwa makamashi ba za su sake samuwa da sauƙi ba. Madobiya ta sha sara don kaiwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017, sannan a taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo. Abin da yanzu ake sayarwa a matsayin katako mai ƙarfi sau da yawa ɗanye ne, an yanka yau an kafa gobe, kuma irinsa ne ke fara kuka tun hunturunsa na farko. Mai son daɓen katako ya jera allunansa a inuwa, da tsinke a tsakaninsu, su ga hunturu guda kafin a kafa. Kankare a kan bangon da ba a gina don ɗaukarsa ba kuwa, wannan magana ce ta injiniya, ba ta birkila ba.

Aikin duka ya ci yini biyu. Allo guda ne ya saura yana kuka, na bakin matakala, kuma mahaifiyarmu ce ta hana a taɓa shi. Na ba ta labarin fadar Nijo da ke Kyoto a Japan, wadda aka gina a farkon ƙarni na 17, inda katakon baranda ke kuka kamar tsuntsu, ana kuma cewa yana tona asirin mai sanɗa. Ta ce ita ba ta san Japan ba, amma ta san takun jikokinta ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai wanda ke dawowa bayan ƙarfe goma sha ɗaya.