Hazon da Ke Bayyana a Kan Baƙin Fentin Mota Bayan Gogewa da Inji

1.0 Gabatarwa

Baƙar mota tana daga cikin motocin da suka fi bai wa masu gyaran fenti wahala. Sau da yawa akan goge ta da inji domin a kawar da karce, amma da zarar an fito da ita rana sai a ga fentin ya yi dushi-dushi, tamkar madubin da aka hura wa numfashi. Wannan dushewar ita ake nufi da hazo a nan.

2.0 Abin da Ke Haddasa Hazo

Fentin motar zamani hawa uku ne: shafin farko mai kama ƙarfe, sai launi, sannan shafin sama wanda ba shi da launi, kuma shi ke bayar da ƙyalli. Kaurin shafin saman yakan kasance kusan kashi 40 cikin 1,000 na milimita, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. Aikin inji shi ne ya kankare shi kaɗan-kaɗan har karcen ya baje.

Idan fentin mai laushi ne, kamar yadda masu sana'ar suka san na wasu motocin Japan irin su Honda, soso da man gogewa sukan bar nasu karcen masu tsananin ƙanƙanta. Waɗannan ke warwatsa haske, ido ya ga hazo. Baƙin launi kuwa ba ya ɓoye aibi kamar fari. Haka kuma, sosan da ya cushe da garin fenti, da zafin rana, da ƙurar hunturu, duk suna ƙara ta'azzara matsalar.

3.0 Hanyoyin Magancewa

Maganin hazo shi ne sassauci, domin ƙara danna inji ƙara karce ne. Ana bin matakai kamar haka:

i. A wanke motar sarai, a yi aikin a inuwa, inda iska ba ta kawo ƙura.

ii. A fara gwaji a ɗan wuri da soso mai laushi da man gogewa mafi laushi.

iii. A rage gudun inji, a sassauta hannu, a kuma dakata kafin man ya bushe.

iv. A riƙa kakkaɓe soson da burushi ko a sauya shi a kai a kai.

v. A share da tawul mai laushi, sannan a bi da sifirit da aka sirka da ruwa, domin maiƙo yakan ɓoye hazo na ɗan lokaci.

vi. A haska wurin da tocila, a tabbatar ya washe, kafin a ci gaba.

4.0 Kammalawa

Duk gogewa tana rage kaurin shafin sama, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Idan aka cinye shi har aka taɓa launi, babu makawa sai an sake fesa fenti, wanda kuɗinsa ya ninka na gogewar. Saboda haka, gwanin wannan sana'a shi ne wanda ya san lokacin da ya kamata ya ɗaga inji.